Kuɗin gado jika 600 sun shigo hannuna: in rage bashin gida ko in sayi hatsi?

Mushen Kanya ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema, kuma zan faɗi lissafina a fili don mai ba ni amsa ya san inda ake.

Ni malamin lakwal ne a nan Damagaram, albashina jika 245 (jika ɗaya sefa dubu ke nan). A watan Nuwamba na 2022 na ɗauki bashin banki miliyan 6 na ƙarasa gini a filina, ɗaki uku da falo da katanga. Shekara goma aka yanka mini, ruwa kashi 9 cikin ɗari a shekara, takardar filin tana hannunsu jingina. Kowane wata kafin in taɓa albashi sun cire jika 76, da inshora da ƴan caje-caje abin yana kai jika 80. Saura jika 165 ke nan, kuma baki tara ke ci a ciki: ni, da uwargida, da yara biyar, da mahaifiyata, da ƙanena da ke karatu a Jami'ar André Salifou.

Lokacin da na sa hannu lissafin yana fita. Wata takwas bayan haka aka yi juyin mulkin Yuli 2023, aka rufe iyaka da Najeriya, kuma kowa a garin nan ya san abin da shinkafa da mai da sukari suka zama. Albashi bai motsa ba, banki bai rage ko dala ba. Damanar 2024, wadda ta kayar da tsohon masallacin Birni, ta kwantar mini da katangar yamma. Sa'a ɗaya gwamnati ta rage kuɗin siminti a watan Oktoba na shekarar, na samu na tayar da ita, amma ɗan abin da na tara can ya tafi.

Yanzu ga yadda wata yake tafiya. Cefane jika ɗaya da rabi kullum, jika 45 ke nan. Hatsi da shinkafa wajen jika 40, tunda tiya-tiya muke saye. Wuta jika 10. Man babur da gas wajen jika 15. Ƙanena da kuɗin tara na yara jika 15. Maganin hawan jini na Inna jika 8. Ruwa kuwa ba shi da tsayayyen kuɗi. Muna da famfo, amma a unguwarmu sai ƙarfe biyu ko uku na dare yake zuwa. Uwargida tana barin kansa a buɗe, ta kwanta da kunne ɗaya a waje, da ta ji ya fara hucin iska sai ta tashi ta jera bidon da bokitai, wani dare a cika shida, wani dare ya ɗauke a na uku. Da sanyi muna lallaɓawa. Daga Maris zuwa saukar damana sai ƴan ga-ruwa, kuma akwai watan da ruwa kaɗai ya ci mini jika 25. Abin da ya rage shi ne na suna da biki da gaisuwar mutuwa da sabulu da takalmin da ya tsinke. Daga 20 ga wata nake fara rubuta bashi wurin mai kantin unguwa. A yau yana bina jika 45, wani abokin aiki yana bina 15.

To, mun sayar da garkar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, a wajen Mirya, aka raba gado, rabona ya kama jika 600. Kuɗi ne da ba za su sake zuwa ba, shi ya sa nake tsoron su narke a hannuna.

Zuciyata tana wajen banki. Makon jiya na je na tambayi abin da ya rage, aka ce miliyan 4 da jika 724. Na tsaya ina kallon takardar. A shekara uku na zuba musu sama da miliyan 2 da jika 700, amma uwar kuɗin ba ta ragu da ko miliyan ɗaya da jika 300 ba. Ina son in kwashi jika 600 ɗin nan gaba ɗaya in kai musu, in ga bashin ya girgiza. Uwargida ta ce a'a, kaka ce, hatsi ya yi sauƙi, a sayi na shekara, a sa tankin ruwa. Mun kwana biyu ba mu daidaita ba. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, ko ya san aikin banki, don Allah ya haska mini.

Tsohon ma'aikacin banki ya amsa:

Wa alaikumus salam Mushe. Allah ya jiƙan mahaifi, ya sa albarka a abin da ya bari.

Na yi aikin ba da bashi shekaru kafin in yi ritaya, kuma abin da ka gani a takardar nan kusan kowa sai ya ba shi tsoro ranar farko. Ba cuta aka yi maka ba, haka tsarin yake. Ruwan kowane wata ana lissafa shi ne a kan abin da ya rage na uwar kuɗi. Watanka na farko, miliyan 6 cur ake binka, ruwansu na wata jika 45, don haka cikin jika 76 da aka cire jika 31 kaɗai suka taɓa uwar kuɗi. Yau da ya rage miliyan 4 da jika 724, ruwan wata ya sauko wajen jika 35, uwar kuɗi tana cin 41. Haka zai riƙa juyawa har shekarun ƙarshe su zama kusan duka uwar kuɗi ce. Wannan ne ya sa biyan gaba ya fi amfani da wuri. Wanda ya jira sai shekara ta takwas ya riga ya biya yawancin ruwan.

Na buga maka lissafi da alƙaluman da ka bayar, ban sa inshora da haraji ba. Wata 84 suka rage maka. In ka zuba jika 600 a uwar kuɗi ka ci gaba da biyan 76 ɗinka, za ka gama da wuri da wata 14, ruwan da ka tsere wa kuma ya kai wajen jika 470. In rabi ka zuba, jika 300, wata 7 ne da wajen jika 250. Akwai hanya ta biyu: a bar shekarun yadda suke a rage abin da ake cirewa. A nan jika 600 za su sauke maka ƙasa kaɗan da jika 10 a wata. Ribar ba ta kai ta farko ba, amma tana sa numfashi a albashi.

Kafin ka ɗauki ko dala, buɗe kwantiragin da ka sa wa hannu ka nemi sashen biya kafin lokaci. Bankuna da yawa suna cin tara a kan abin da aka biya gaba, wasu kuma suna da mafi ƙarancin kuɗin da suke karɓa. Ka nemi jadawalin biyanka a rubuce, haƙƙinka ne.

Duk da haka, ɗana, ba zan ce ka kai duka ba, kuma dalilina yana cikin saƙonka. Mutumin da yake shiga littafin mai kanti tun 20 ga wata ba shi da abin tare gaba. Kuɗin da ka zuba a bashin gida ba sa dawowa. In Inna ta kwanta likita a watan Afrilu, ba za ka je ka ce a ba ka jika 100 daga ciki ba. Abin da za su ba ka shi ne rance a kan albashi ko ƙaramin bashi, kuma ruwan waɗannan ya fi na gida tsada, na ƙananan asusun bashi ya fi su duka. Na ga ma'aikata da yawa sun rage bashi mai kashi 9 da ƙarfinsu, bayan wata huɗu suka dawo suka ɗauki mai tsada don su ci abinci. Ka fara biyan mai kanti da abokin aikinka, ka ware abin ko-ta-kwana, sannan a yi maganar banki.

Maman ƴan biyu, Garin Malam, ta amsa:

Malam, sannu da ƙoƙari. Baba ya yi maganar banki, ni ta tukunya zan yi, don mu ma shekara shida muka yi ana yankar albashin maigidana, kuma ni na riƙe madafa a shekarun.

Matarka ta fi ka gaskiya a kan hatsi, ka yi haƙuri. Kai lissafin wata kake yi, ita na shekara take yi. Saye tiya-tiya shi ne mafi tsadar hanyar ciyar da gida a garin nan. A shekarar da aka rufe iyaka na sayi buhun hatsi da kaka, kafin damana ta yi tsakiya kuɗinsa a Kasuwar Dole ya kusa ninkawa, ina gani maƙwabta suka koma auna rabin tiya. Ko a shekara mai sauƙi, buhun da ka saya jika 20 a Nuwamba in ya kai 28 a Yuli, ka tsira da jika 8 a wata takwas. Jika 20 ɗin nan in banki ka kai wa, a wata takwas ruwan da za su sauke maka bai kai jika ɗaya da rabi ba. Baba yana nan, in na yi kuskure ya gyara mini.

Ban ce kullum haka take ba. Tun da gwamnati ta hana fitar da hatsi waje a Oktoba 2024 farashi ya kwanta sosai, har waɗanda suka tara don su sayar suka yi kuka. Amma kai ba don sayarwa za ka saya ba, don ci ne. Ko bai tashi ba, ba ka yi asara ba, hatsinka yana ɗaki, kuma jika 25 ko 30 da kake fitarwa kowane wata sun zauna a aljihunka. Da su za ka daina zuwa wurin mai kanti.

Kada ka saya a cikin gari in kana da hali. Ka sa wani naka a Mirya ko Bakin Birji ko Matamaye ya auna maka ranar kasuwa, tiya 40 a buhu, a gabansa. Ka duba ya bushe, ka ciza ƙwaya ka ji ta fashe ƙaras. A ɗaki kada buhu ya taɓa ƙasa ko bango, a jera katako ko bulo a ƙarƙashi. Wake kuwa sai buhun nan mai leda biyu a ciki, a matse iska a ɗaure kowace leda daban, zai kai bazara ba ƙwaro ba magani. Wake buhu ɗaya yana rage kuɗin cefane fiye da yadda maza suke zato, don ranar da ba nama shi ne nama.

Sai ruwa. Wanda ba a Damagaram yake ba ba zai gane ba. Garin nan a kan dutse yake zaune, ruwanmu daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Arunguza da Ganaram, unguwannin gefe kuma su ne na ƙarshe a layi. Tunda famfonku yana zuwa da dare, tanki mai lita dubu zai canza muku rayuwa. A haɗa shi da famfon a ƙasa-ƙasa, kada a ɗaga shi sama don ruwan ba shi da ƙarfin hawa, a sa masa abin da ke rufewa da kansa in ya cika. Daren da ruwa ya zo da yawa ya rama na daren da bai zo ba. Kuma baiwar Allah nan ta samu ta yi barci. Ka ce tana tashi ƙarfe biyu kamar ƙaramin abu ne. Na yi shi, na san yadda jiki yake wayewa, ga yara biyar ga tsohuwa mai jinya. Wannan ba ya fitowa a takardar banki amma biya ake yi.

Ka tuna kuma a 2026 azumi cikin Fabrairu zai kama, layya ƙarshen Mayu, daidai lokacin da ruwa ya fi tsada. In ka kwashe kuɗin nan ka kai banki, da me za ka tari watannin nan? In ka samu ɗan rago yanzu ka turke, dusar hatsin da za a surfa a gidanka ita za ta ciyar da shi.

Abu na ƙarshe, ka zaunar da ita ka nuna mata takardar albashin da ta bankin, da lambobinsu. Ranar da maigidana ya nuna mini tasa na daina zargin yana ɓoye wani abu, na fara ƙulla ƙanƙara da zoɓo da zafi, kuɗin sabulu da na tara suka fita daga wuyansa.

Ɗalibi daga Birni ya amsa:

Yaya, Allah ya warware maka. Ba zan yi maka wa'azi a kan abin da ya riga ya wuce ba, bashi hanji ne, kuma na san haya a garin nan ita ta kora mutane da yawa banki. Amma kada lissafin riba da asara ya rufe ɗaya gefen. Bashin nan mai ruwa ne, kuma Allah ya halatta ciniki ya haramta riba, ayar tana cikin Baƙara. Ya zo a hadisi kuma cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa. Saboda haka nauyin da kake ji a zuciya, wanda yake tura ka ka rage shi, alheri ne, kada a kashe maka shi. Kowane wata da ka yanke daga wa'adin nan, wata ne da ka fita daga ciki.

Ban ce ka bar iyali da yunwa ba, ciyar da su wajibi ne a kanka yau, kuma mai kanti da abokin aikinka su ma haƙƙi ne, nasu ma ya fi kusa. Abin da nake roƙo shi ne kada a cinye jika 600 duka banki bai ga komai ba. Ko kaɗan ne ka kai.

Ga masu karatu da ba su ɗauka ba tukuna, ku tambayi tsarin murabaha kafin ku sa hannu, akwai Bankin Musulunci a ƙasar nan. Su suke sayen kayan su sayar maka da riba sananniya da aka yanke tun farko. Ku kai takardun wurin malamin da ya san mu'amala ya duba muku, kuma ku tambayi yadda ake yi in mutum ya so biya da wuri.

Mushen Kanya ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Baba, na buɗe kwantiragin daren jiya, sashen yana nan, akwai tara a kan biyan gaba amma ba mai yawa ba ce, ba ta kai ta cinye ribar ba. Hajiya, na nuna wa uwargida takardun biyu. Ta daɗe tana kallon wurin da aka rubuta ruwan da ya rage a biya cikin shekara bakwai, sannan ta ce ashe abin da ke hana ni barci ke nan. Ita da kanta ta ce a kai wa banki wani abu.

Ga inda muka tsaya. Jika 60 na mai kanti da abokin aikina, gobe in sha Allahu. Jika 170 na hatsi da wake, ɗan baffana a Mirya zai auna mana. Jika 90 na tanki da mai haɗa famfo. Jika 80 za a ajiye ba a taɓa sai rashin lafiya, kuma a hannunta za su zauna, don ni ina fita cikin mutane kuma ban iya cewa babu ba. Jika 200 banki.

Inda ba mu gama ba shi ne wace hanya za a bi da jika 200 ɗin. Ni ina son a rage watanni, kamar yadda ɗalibin nan na Birni ya ce. Ita tana son a rage abin da ake cirewa, ko jika uku ne a wata, ta ce kuɗin maganin Inna ne kusan rabi. Ragon layya kuwa bai samu wuri a lissafin ba, sai dai in abin da muka daina kashewa a hatsi ya taru kafin Janairu.

Tsohon ma'aikacin banki ya sake amsawa:

Hajiya ba ta yi kuskure ba, lissafinta na buhu daidai ne.

Mushe, jika 200 in an rage watanni za su cire maka wajen wata 5 da ruwa wajen jika 170. In an rage na wata, jika uku da ɗan kai ne, kamar yadda mai ɗakinka ta ce. Tunda hatsi da tanki za su sauke muku abin da ya fi haka nesa kowane wata, ni watanni zan rage. Amma ku jira ƙarshen Disamba ku ga ko kun kai ƙarshen wata ba ku shiga littafin mai kanti ba. In kun kai, ku rage watanni. In ba ku kai ba, ku bi maganarta. Jinkirin wata ɗaya jika ɗaya da rabi kawai zai ci muku.

Ranar da za ka kai, kada ka zuba su a asusunka kawai ka tafi, za su zauna ne ana cirar na wata-wata daga ciki, uwar kuɗi ba ta motsa ba. Ka rubuta takardar neman biyan gaba, ka faɗi adadin da hanyar da ka zaɓa, a buga maka hatimi a kwafinka. Ka karɓi sabon jadawali, ka duba ko kuɗin inshora ya sauka tare da uwar kuɗin, don a wasu kwantiragin a kan abin da ya rage ake lissafa shi. Takardar inshorar nan kuma ka nuna wa mai ɗakinka da ƙanenka inda take, su san in ta Allah ta kasance akwai wanda zai biya ragowar, ba gidan za a taɓa ba.